Zagayen ƙafa daga tashar Tring zuwa tudun Ivinghoe a dawo: yadda ake yin sa mataki-mataki

'Yan'uwa da ke karatu ko aiki a Landan, Luton da Milton Keynes sun sha yi mini tambaya iri ɗaya: waɗannan gonaki da tuddai da muke hangowa ta tagar jirgin ƙasa, ana shiga kuwa? Ta ina ake bi, nawa ake kashewa, kuma mai gona ba zai kira wa mutum 'yan sanda ba? Ana shiga, kuma dokar Ingila ce ta ba ka hanyar, har ta tsakiyar gonar mutum. Abin da ke kanka shi ne ka gane hanyar da aka ba ka, ka tsaya a kanta, ka kuma fita da wuri.

Na zaɓi zagaye ɗaya da na fi so a fara da shi, a tuddan Chiltern da ke arewa maso yammacin Landan. Ana tashi daga tashar jirgin ƙasa ta Tring, a ratsa ƙauyen Aldbury, a hau dajin Ashridge, a kai ƙololuwar tudun Ivinghoe Beacon, sannan a gangaro ta Pitstone Hill a dawo tashar. Tsawonsa kilomita 13 zuwa 14 ne, hawan da ke ciki gaba ɗaya wajen mita 300. Mai lafiya da ya saba tafiyar ƙafa a gari zai gama cikin awa huɗu zuwa biyar, har da hutu da salla. Ba a biyan ko kwabo don bin hanyar.

1. Zaɓen rana

Daga Afrilu zuwa Oktoba ne lokacin da ya fi sauƙi ga mai farawa. A ƙarshen Afrilu da farkon Mayu ƙasan dajin Ashridge kan rufe da shuɗin furanni, mutane kuma su yi yawa. A Oktoba ganyen itatuwa kan koma ja da ruwan ɗorawa. A lokacin sanyi ma ana zuwa, sai dai akwai taɓo sosai, rana kuma gajeriya ce.

Ka duba hasashen yanayi na Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, da daren jajibiri, ka sake dubawa da safe. Kada ka tsaya a kan ruwan sama kaɗai, ka duba ƙarfin iska. Yayyafi ba ya hana tafiyar nan, amma iska mai ƙarfi tana ɓata ta, don rabin hanyar a kan tudu ne da babu mafaka, ɗaya rabin kuma a ƙarƙashin manyan itatuwa ne da reshe ke iya karyewa.

Gargaɗi: a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. A Yuni kuwa sai bayan tara na dare. Wanda ya taso inda magariba ba ta wuce shida zuwa bakwai duk shekara yakan raina wannan bambanci, ya bar gida da sha ɗaya, duhu ya same shi a tsakiyar daji. Daga ƙarshen Oktoba, lokacin da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, har zuwa Fabrairu, ka tabbata ƙafarka ta taka tashar Tring kafin ƙarfe goma na safe.

2. Takalmi, sutura da abin da ke cikin jaka

In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, ka sayi takalmi. But mai ƙaya-ƙaya a ƙasa, wanda ruwa ba ya shiga, kuma ya kama idon sawu. A shaguna irin su Decathlon da Mountain Warehouse ana samun mai kyau tsakanin fam 30 zuwa 60. Ka sayi wanda ya ɗan fi ƙafarka, don za ka sa safa mai kauri, ƙafa kuma tana kumbura in an daɗe ana tafiya. Kambas na iya kai ka a tsakiyar bazarar Turai in an kwana biyu ba a yi ruwa ba. In ba haka ba, ka bar shi a gida.

Gargaɗi: kada ka fara sa sabon but ranar tafiyar. Ka yi mako guda kana zuwa makaranta ko wurin aiki da shi. Sabon takalmi ne ke sa dunduniya ta yi bororo tun kafin a kai rabin hanya.

Sutura kuwa hawa-hawa ake yi: riga marar nauyi a ciki, rigar sanyi a kai, rigar ruwa mai hula a sama. Da haka in ka yi zufa a hawa sai ka cire ɗaya, in ka kai kan tudu iska ta buge ka sai ka mayar. Babbar rigar sanyi guda ɗaya ba ta da wannan amfani, ko dai ta dafa ka ko ka cire ta ka daskare. Ka guji wandon jins, in ya jiƙe ba ya bushewa, nauyi yake ƙarawa. Lema ba ta aiki a kan tudu. Rigar ruwa mai sauƙi ba ta wuce fam 20 zuwa 30.

'Yan'uwa mata, abaya mai jan ƙasa za ta kwashi laka, ta kuma maƙale a ƙaya da bakin ƙyaure. Doguwar riga da ta tsaya ƙasan gwiwa, da wando mai faɗi a ƙasa, ta fi. Hijabi ya kasance mai kama kai, a cusa bakinsa cikin rigar ruwa, don mayafi sakakke iska za ta yi ta fizgarsa.

A jakar goyo ka sa ruwa lita ɗaya da rabi, shayi a filas in ana sanyi, abinci mai riƙe ciki, dabino ko gyaɗa, filasta, tocila ƙarama, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, leda biyu, ɗaya ta shara ɗaya ta takalmi mai laka, da sallaya marar nauyi. Ka yi guzurinka daga gida. A hanyar akwai wurin shan shayi da kanti, amma kada ka sa rai da naman halal.

3. Taswira da alamomin hanya

Taswirar wannan yanki ita ce OS Explorer mai lamba 181, kuɗinta bai kai fam 15 ba. A kanta hanyoyin da jama'a ke da haƙƙin bi an zana su da koren ɗigo-ɗigo. In manhajar waya za ka yi amfani da ita, ka sauke taswirar tun kana gida, don sabis kan yi rauni a cikin daji. Taswirar Google tana da kyau a gari, amma ba ta nuna duk hanyoyin gona, wani lokaci ma ta tura ka titin mota marar gefen masu tafiya.

A ƙasa kuwa, ƙananan kibiyoyi ne a jikin turaku da ƙyamare. Kibiya ruwan ɗorawa hanyar ƙafa ce kawai. Shuɗiya ta ƙafa ce da dawaki da kekuna, saboda haka ka riƙa waiwaye. Ja har mota na iya bi. Allon da aka rubuta Public Footpath ko Public Bridleway naka ne. Wanda aka rubuta Private ba naka ba ne, ko da ƙofar a buɗe take.

Akwai alama ta musamman da za ka riƙe: hoton ɗan itacen oak, kamar ƙwallo mai 'yar hula, fari a kan baƙi. Ita ce alamar manyan hanyoyin ƙafa na ƙasa, kuma a nan tana nufin Ridgeway, hanya mai tsawon kilomita 139 da ta taso daga kusa da Avebury ta ƙare a kan tudun Ivinghoe. Dalilin da ya sa na tsara zagayen ta wannan fuska ke nan. Wasu kan fara da Ridgeway su ƙare da daji. Ni na fi son a bi dajin da safe, lokacin da ido ke buɗe, a bar hanya mai alamomi a kowace mararraba zuwa lokacin da an gaji kuma rana ta karkata.

4. Tikiti da jirgi

Daga Landan, tashar Euston za ka je, ka hau jirgin London Northwestern Railway. Tafiyar wajen minti arba'in ce. Ba kowane jirgi da ke bin layin ne ke tsayawa a Tring ba, manyan jiragen Manchester da Glasgow wucewa suke yi, don haka ka karanta jerin tashoshin a allo kafin ka shiga. Mai tasowa daga Milton Keynes layi ɗaya ne, ta ɗaya ɓangaren.

Ka sayi tikitin zuwa da dawowa na lokacin da babu cunkoso, ka ware masa fam 20 zuwa 25. Mai katin rangwame na ɗalibai da matasa ana rage masa kashi ɗaya cikin uku. In kun kai uku ko fiye, ku tambayi mai sayar da tikiti rangwamen masu tafiya tare kafin kowa ya sayi nasa.

Gargaɗi: katin Oyster, wanda ake biyan kuɗin jirgi da bas da shi a Landan, a wannan layi iyakarsa tashar Watford Junction, ba ya kai ka Tring. Sannan ranar Lahadi akan yi gyaran layi a maye gurbin jirgi da bas, tafiyar minti arba'in ta koma ta awa biyu. Ka duba shafin National Rail, mai nuna lokutan jiragen ƙasa, kafin ka tsayar da rana. Ka kuma faɗa wa wani a gida inda za ka da lokacin da kake sa ran dawowa.

5. Daga tasha zuwa Aldbury

Tashar Tring ba a cikin garin Tring take ba, tsakaninsu ya fi kilomita biyu, kuma ba ka da abin yi a garin. Da ka fito bakin titin Station Road, ka nufi gabas, ɓangaren Aldbury. In ka ga kana tsallaka gadar wani dogon magudanar ruwa mai ƙananan jiragen ruwa a ciki, ka juya, ka yi yamma ke nan.

Za ka wuce wani titi da ya ɓalle hagu, Northfield Road. Kaɗan bayansa akwai hanyar kankare a hagu mai alamar Ridgeway, kusa da wata gona. Ka haura ta, ka shige ƙyaure, har ka kai mararraba. A nan Ridgeway ta yi hagu, ta nan za ka dawo da yamma, ka kalli wurin da kyau ka riƙe shi. Yanzu kai miƙewa za ka yi. Gaba kaɗan, wajen filin wasan golf, ka yi dama ka gangara ta gefen rumbunan wata gona, ka fito titi dab da cocin ƙauyen. Ka yi hagu zuwa tsakiyar Aldbury. Duka bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba.

A wannan ɗan tsakanin za ka fara cin karo da ƙyamaren gona, kuma a kansu ne baƙi suka fi ɓata wa manoma rai. Ƙa'idar ita ce ka bar ƙofa yadda ka same ta. In a rufe take, ka rufe bayanka, ka ja ka tabbata sakatar ta kama. In a buɗe take an ɗaure ta ko an tokare, ka bar ta haka, mai gona ne ya buɗe don dabbobinsa su kai ga ruwa. In kuna da yawa, na gaba ya faɗa wa na baya yadda aka same ta, don na ƙarshe ba zai sani ba.

Akwai wani ƙyaure da za ka yi ta gani, mai lilo a cikin ɗan keji mai kusurwa. Za ka tura shi gaba, ka shige kusurwar, ka mayar da shi baya, sannan ka fita ta ɗaya gefen. Mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, tunkiya kuwa ba ta iya wucewa. In jakarka babba ce, ka cire ta ka riƙe a hannu. Wani wurin kuma matakalar katako ce a jikin shinge. Ka kama turken, ka taka, ka tsallaka ƙafa ɗaya-ɗaya. Katakon da ya jiƙe yana da santsi, kada ka yi tsalle daga kansa. Kada kuma ka haura waya ko shinge don yanke hanya.

In hanya ta ratsa tsakiyar shuka, ku bi ta a layi, ɗaya bayan ɗaya. Bahaushe ba ya buƙatar a faɗa masa darajar shuka, abin da zai ba shi mamaki shi ne a nan bin tsakiyar gonar ne daidai in nan hanyar ta bi. Zagayawa ta gefe don kunya shi ne fita daga inda doka ta ba ka.

A tsakiyar Aldbury akwai kududdufi mai agwagi, da tsohon katakon turu a gefensa inda ake ɗaure masu laifi a da, ga gidajen jan bulo da na katako kewaye. Akwai ɗan kanti in ka manta ruwa. Gidajen nan mutane ne a cikinsu, a ɗauki hoto daga titi, kada a jingina da ƙofar kowa.

6. Hawa zuwa hasumiya

Daga kududdufin ka kama titin Toms Hill, taku kaɗan sai ka ga hanya ta ɓalle hagu ta haura cikin itatuwa, da allo mai nuna hasumiya. Wannan ne hawa mafi tsauri a duk zagayen, wajen kilomita ɗaya. Ka cire riga ɗaya tun daga ƙasa, ka rage tsawon taku, ka yi tafiyar da za ka iya magana a cikinta. Matasa kan ɗauke shi da gudu, su isa sama a jiƙe da zufa, sanyi ya kama su da zarar sun tsaya.

A sama za ka tarar da hasumiyar Bridgewater, dogon ginshiƙin dutse mai tsayin mita 33, da aka gina a 1832 don tunawa da basaraken da ya yi suna wajen haƙa hanyoyin ruwa na sufuri a Ingila. Ba kullum ake buɗe ta a hau ba. Dajin da kewayensa, wajen eka 5,000, yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi da dazuzzuka.

Abin da ya fi hasumiyar muhimmanci gare ka shi ne ban-ɗaki da wurin shan shayi da ke gefenta. Daga nan babu wani ban-ɗaki har ka koma tasha. Ka kama ruwa, ka yi alwala, ka cika gorarka. Tuddan nan na alli ne, ruwa tsotsewa yake yi ya shige ƙasa, ba za ka ga rafi ko ƙorama a hanya ba. Kwamin da za ka gani a makiyaya na dabbobi ne.

7. Cikin daji zuwa Steps Hill

Daga hasumiyar ka kama faffaɗar hanyar da ta yi arewa ta bakin tudun, ƙauyen Aldbury na ƙasa a hagunka. Tafiya ce mai daɗi, kusan a miƙe, wajen kilomita huɗu a ƙarƙashin dogayen itatuwa. Ƙananan hanyoyi za su yi ta ɓallewa dama da hagu, ka bar su, ka riƙe babbar. Za ka wuce wani gida shi kaɗai a Clipper Down, daga nan daji ya fara buɗewa. In kun yi shiru kuna iya ganin garken barewa suna tsallaka hanya, ko wata ƙarama mai kama da gada ita kaɗai a cikin ciyayi. Ba a kunna wuta ko gasa nama a dajin nan, ba a kuma tayar da jirgi marar matuƙi sai da izini.

A nan ne za ka fi haɗuwa da karnuka, da yawansu ba a ɗaure ba. Na san yadda wannan ke damun mutanenmu, ga tsoro ga batun tsarkin tufa. Galibinsu sansana suke so su yi su wuce. Ka tsaya cik, ka ɗan juya gefe, ka naɗe hannuwanka, kada ka yi ihu, kada ka gudu, kada ka ɗaga sanda ko ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse. Ka ce wa mai karen cikin ladabi ya kira karensa, yawanci nan take zai kira shi har ya ba da haƙuri. Yara su tsaya kusa da babba. Mutanen da ba sa gaisawa a jirgin ƙarƙashin ƙasa, a nan za su yi maka barka da safiya, ka amsa da fara'a, kuma in hanya ta rikice maka su ne za ka tambaya.

Da ka fito fili wajen Steps Hill za ka sake haɗuwa da alamar Ridgeway. Nan ne wurin yanke shawara. In ƙafa ta gaza, ko saura ƙasa da awa biyu da rabi rana ta faɗi, ka yi hagu ka kama hanyar tasha, ka rage wajen kilomita biyu. Tudun ba zai gudu ba. In da sauran ƙarfi da lokaci, ka bi alamar zuwa arewa.

Gargaɗi: kafin hawan ƙarshe za ka tsallaka titin mota a daidai kwana. Motoci da masu keke na zuwa da gudu, kuma ba sa hango ka da wuri. Ku taru wuri ɗaya, ku saurara, ku tsallaka tare.

8. A kan tudun

Hawan ƙarshe gajere ne, farar hanya ce a cikin gajeriyar ciyawa. Ƙololuwar tana mita 233 sama da teku, da ɗan ginshiƙin awo a kai. Ba wani tsayi ba ne, amma da yake ƙasar da ke gabanta shimfiɗaɗɗiya ce, ido na kaiwa nesa ƙwarai, gonaki kore da ruwan ƙasa an yanka su da shinge har iyakar gani. Ta gabas, a jikin wani tudu, akwai hoton farin zaki da aka sassaƙa a cikin alli a 1933, alamar gidan namun daji na Whipsnade. Ta yamma, a tsakiyar gona, ga tsohon injin niƙa na iska na Pitstone, wanda aka samu shekarar 1627 a rubuce a jikin katakonsa. Sama da kai kuma shirwa ce mai jan jiki da wutsiya mai baki biyu, tana shawagi ba ta ko kaɗa fiffike, wani lokaci ƙasa-ƙasa har ka ga tana juya wutsiyar tana gyara hanya. An taɓa ƙarar da irinta a Ingila, aka sake sakinta a tuddan nan daga 1989, yanzu ta cika ko'ina. Kada a jefa mata abinci.

Ka sa rigarka tun kafin ka ji sanyi. Don cin abinci da salla, ka ɗan gangara ɓangaren da tudun ya tare iska, ka kauce daga kan hanya, ka duba ƙasa saboda kashin tumaki, ka danne sallaya da jaka. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, wajen digiri 119 a kamfas ɗin waya. A lokacin sanyi azahar na shiga wajen sha biyu, la'asar kuma ta biyo ta tun kafin ƙarfe biyu da rabi, saboda haka duka biyun a hanya za su same ka, shi ya sa alwalar da ka yi a hasumiya take da amfani. Mai tasowa daga Landan ya cika sallarsa, nisan wajen kilomita 50 ne, bai kai na ƙasaru ba, wanda a Malikiyya yake wajen kilomita 80.

Duk abin da ka zo da shi ka koma da shi, har ɓawon ayaba da ƙwallon dabino.

9. Gangara ta Incombe Hole da Pitstone Hill

Ka sauko ta inda ka hau, ka sake tsallaka titin, ka bi alamar Ridgeway daga nan har tasha, wajen kilomita biyar da rabi. Bayan Steps Hill hanya za ta zagaya bakin wani kwari mai zurfi a damanka, Incombe Hole, sannan ta gangara ta tsakiyar buɗaɗɗen fili zuwa wani ƙaramin titi da wurin ajiye motoci.

Gargaɗi: a gangara aka fi faɗuwa, ba a hawa ba. Allin nan in ya sha ruwa santsi yake yi kamar an zuba miyar kuɓewa, kuma yana manne wa ƙasan takalmi ya yi dunƙule har ƙayar ta daina kamawa. Ka taka ciyawar gefe inda ta samu, ka gajarta taku, ka fitar da hannu daga aljihu, ka riƙa kankare takalmin da tsinke.

Daga nan zuwa Pitstone Hill makiyaya ce, akwai tumaki, wani lokaci da shanu. Tumaki kaucewa za su yi. A Maris da Afrilu suna da ciki ko sabuwar haihuwa, kada yara su bi su da gudu, kada kuma a ɗauki ɗan tunkiya don an gan shi shi kaɗai, uwar na kusa. Shanu kuwa a yi hattara. Ko ka taso cikin shanu, waɗannan ba su saba da makiyayi mai tafe da su da sanda ba, su kaɗai suke wuni a fili, kuma kusan kowace shekara suna halaka masu tafiya a Birtaniya, galibi shanu masu 'yan maruƙa. Ka tsaya a bakin ƙyaure ka duba kafin ka shiga. Kada ka ratsa tsakanin saniya da ɗanta. In sun tare hanya, ka zagaye su da nisa, ka koma kan hanyar a gaba, wannan an yarda da shi. In 'yan bijimai suka biyo ka don son gani, ka ci gaba a natse zuwa ƙofa mafi kusa, gudu ne ke sa su gudu.

A kan Pitstone Hill za ka hango tsohon ramin haƙar alli a dama, da ruwa shuɗi a ciki mai ɗaukar ido. An killace shi, ruwan na da zurfi da sanyin da ke ƙame jiki, ba wurin wanka ba ne.

In wani ya ji ciwon da ba zai iya tafiya ba, a kira 999, lambar agajin gaggawa, a faɗi wurin da ake ta lambar taswira ko ta manhajar what3words mai nuna wuri da kalmomi uku, a lulluɓe shi da duk rigar da ta samu, don mai zaune a ƙasa sanyi na saurin kama shi.

10. Aldbury Nowers zuwa tasha

Hanyar za ta shige wani ƙaramin daji a gefen tudu, Aldbury Nowers, wurin da aka keɓe saboda malam-buɗe-littafi iri-iri da ke cika shi a watannin zafi. Saiwoyi sun fito a kan hanya, ka riƙa duba ƙasa, musamman in haske ya ragu. Za ka sauka wasu matakala, ka faɗa wani burtali mai shinge dama da hagu. A gefensa akwai wani ganye mai baki kamar zarto da ke harbi in ya taɓa fata, ya bar ƙaiƙayi da ƙuraje na ɗan lokaci. Ba ya da haɗari, amma ka ja wa yara kunne.

Burtalin zai kai ka mararrabar da ka riƙe da safe. Ka yi dama ka gangara titi, ka sake yin dama zuwa tasha. Kafin ka shiga jirgi ka kankare lakar takalminka, ko ka sauya shi ka sa a leda.

11. Bayan an isa gida

A daren nan, kafin ka kwanta, ka duba jikinka saboda kaska: bayan gwiwa, cinya, ƙugu, hammata, da gashin kan yara da bayan kunnensu. Inda barewa da tumaki suke akwai ta, kuma ta nan ƙarama ce, wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba. Wasunsu na ɗauke da cutar Lyme. In ka samu, kada ka ƙona ta, kada ka shafa mata mai ko kananzir. Ka kama ta da ɗan hantsaki mai tsini dab da fata, ka ja sama a hankali ba tare da matse cikinta ba, ka wanke wurin da sabulu. Kantin magani na sayar da ɗan abin cire ta da 'yan fam kaɗan. Ka lura da wurin na tsawon makonni. In wani zagayayyen tabo ya fito yana faɗaɗa, wanda a baƙar fata yakan fi kama da taruwar jini mai duhu fiye da ja, ko ka ji zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka ga likitanka ko ka kira 111, lambar neman shawarar lafiya, ka faɗa musu ranar da ka je daji.

Takalmin kuwa a wanke lakar tun ba ta bushe ba, a cire shimfiɗar ciki, a cusa masa takarda, a bar shi ya bushe da kansa nesa da hita, don zafi na fasa fata ya saki gam.